Bel Ɗin Kujerar Mama

Ranar Juma'a, shida ga watan Disamba, da misalin ƙarfe uku na rana, motar ta dawo ƙofar gidan Malam Nicodemus da ke Wulari a Maiduguri, shekara shida bayan an sayar da ita.

Phebe tana tsakar gida tana duba takardun jarrabawar 'yan aji huɗu lokacin da ta ji hon ɗin. Shaƙaƙƙe ne, kamar kukan rago mai mura. Ba ta san sa'ad da jan biron ya faɗi daga hannunta ba. Mota ɗaya ta taɓa sani mai wannan muryar.

Fijo ce mai dogon baya, ruwan toka, an wanke ta har tayoyinta suna ƙyalli. Godwin yana jingine da ita yana juya makulli a yatsa. Shi ne mai ba ƙungiyoyin agaji hayar motoci. Wata bakwai ke nan yana neman auren Phebe, ita kuma wata bakwai tana amsa gaisuwarsa daga bakin ƙofar kicin. A gefensa Anti Agnes ce, yayar mahaifinta, wadda ta fara kawo shi gidan.

Baba ya fito da tabarau a hannu. Bai amsa gaisuwar kowa ba. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a baya, ya ɗora tafinsa kan wani lotsawa a ƙofar but.

"Buni Yadi," ya ce. "Saniyar nan da ta buge mu."

Phebe ta leƙa ta gilashi. Zoben ƙuna yana nan a kujerar baya, inda Mama ta ajiye tukunyar miya mai zafi a Kirsimetin da Phebe take shekara tara. A gilashin baya an kankare sitikar Zumuntar Mata, amma shatinta bai fita ba. Shekara goma sha ɗaya wannan motar tana kai su Biu duk ƙarshen shekara: Baba a sitiyari, Mama a gefensa ta ɗaura bel tana yi masa faɗan nasa, Phebe a baya tsakanin buhun shinkafa da kaji. An sayar da ita ne don jinyar Mama. Mama ba ta tashi ba. Tun daga lokacin ba su sake yin Kirsimeti a gida ba.

"Hannu uku ta bi, Baba," in ji Godwin. "Daga mai atamfa a Kasuwar Litinin na fara bin sawunta. Ga makulli, taka ce."

"Ba na karɓar kyauta daga mai neman wani abu a gidana," in ji Baba. "Kuɗin garatutina na ritaya ya fito, saya zan yi. Da ita za mu je Biu bana."

"Ka gani ko, Niko?" Anti Agnes ta ce. "Yaron da ya nemo maka abin da ka rasa tun ba ka roƙe shi ba. Me kuma ake jira?"

Baba ya sa tabaransa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana hedimasta.

"Ba na sa hannu a takardar da ba a duba ba, Yaya. Sai an duba ta tukuna."

Godwin ya yi murmushi, ya dubi inda Phebe take tsaye.

"To ai ga bakanikenku nan, Baba. A kira Simon. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

Nan take Phebe ta gane tarkon.

Shekara uku ke nan tana tare da Simon. Sau biyu ya aiko yana neman izinin turo manyansa, sau biyu Baba ya ce ba yanzu ba. Dalilin ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya san shi: Simon ɗalibin Baba ne a da, ya bar makaranta daga aji uku na ƙaramar sakandare ya shiga gareji. Har yau Baba bai taɓa kiransa Simon kawai ba. Simon Mikail yake cewa, kamar mai kiran rajista.

In Simon ya kushe motar, za a ce kishi ne. In ya yaba, ya sa wa Godwin hannu da kansa.

"A bar ta nan ta kwana," in ji Baba. "Gobe ƙarfe tara."

*

Ta shiga keke napep zuwa garejin da ke hanyar Baga. Ta tarar da ƙafafun Simon kawai, sauransa yana ƙarƙashin wata bas.

"Malama da kanta?" ya ce bayan ya fito yana goge hannu. "An kori 'yan aji huɗu ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ba shi labari daga hon har zuwa ƙarfe tara. Ya zauna kan tsohuwar taya.

"Ruwan tokar nan," ya ce daga baya. "Ni nake wanke mata fulogi ina yaron gareji. Duk ranar ashirin ga Disamba Baba yake kawo ta. Kina baya da littafi, ba kya kallon kowa. Mama ce kaɗai take tambayata ko na ci abinci. Ta taɓa ba ni cincin a ƙulle cikin takardar coci."

"To don ita, Simon. Ka ce tana da kyau."

"Ban gan ta ba tukuna."

"Ko me ka gani, ka ce tana da kyau. Daga baya ka gyara a ɓoye. Ai kai ne za a riƙa kawo wa."

"Phebe."

"Ba ka ga fuskarsa ba ne!" in ji ta. "Shekara shida ban ga Baba ya taɓa wani abu haka ba. Ko hoton Mama ba ya kallo. Yau har waƙa na ji yana yi a banɗaki. In ka ƙwace masa wannan, ba zai tuna Godwin ne ya kawo ta ba. Kai zai tuna. Kuma Anti tana jira. Ta riga ta fara cewa mai baƙin farce ba ya son ganin na mutane."

Ya duba faratansa, ya ɓoye su cikin tsumma.

"Kin san mota nawa na buɗe tun watan Satumba waɗanda suka kwana cikin ruwa?" ya ce. Ambaliyar yake nufi, wadda ta cinye rabin garin da madatsar Alau ta fashe. "Goma sha ɗaya. Dukkansu ki ɗaya suke tashi. A wanke su, a canza baƙin mai, a sa kafet sabo. Wata biyu, wata uku, sai wayarin ya fara ci daga ciki. Ba ta yi maka sallama. Kana tafiya sai ta ɗauke."

"Wa ya ce maka wannan ta sha ruwa?"

"Babu. Shi ya sa na ce sai na gani. Amma hanyar Biu ce, Phebe. Damaturu, Buni Yadi, Buratai. Kin san ba hanyar da ake so mota ta mutu a kanta ba ce. Ke za ki kasance a ciki."

Hawayen suka zubo, ba ta share ba.

"Na gaji, Simon. Shekara uku ina cewa gobe. Ƙawayena da muka yi kwaleji har sun yaye na biyu. Sau ɗaya nake roƙonka ka yi shiru. Ban ce ka yi ƙarya ba, shiru kawai."

"In ya tambaye ni fa?"

"Ka ce injin lafiya lau. Ai gaskiya ce, in lafiya lau ɗin ne."

Ya tashi ya tsayar mata da keke, ya riƙe ƙarfen rufin har ta zauna.

"Ki gaya wa Baba kada kowa ya tayar da ita kafin na zo," ya ce. "Da sanyinta nake son ganinta."

Abin da ta samu ke nan.

*

Asabar ƙarfe tara saura biyar ya iso, cikin wankakkiyar rigar aiki, da tocila da 'yar jakar kayan aiki. Ya durƙusa ya gai da Baba da Anti Agnes. Anti ta amsa da hanci.

"Injiniya!" in ji Godwin. "Ka zo da na'urar ne, ko da kunne ake yi a garejinku?"

"Da kunne, Oga. Ba a ɗauke masa wuta."

Baba ya sa an fito masa da kujera ƙarƙashin dalbejiya. A cinyarsa akwai farar takarda da ya ja wa layuka da rula, da jan biro.

"Simon Mikail. Abu ɗaya bayan ɗaya. Ka ce min ta ci, ko ta faɗi. Ba na son surutu."

"To, Baba."

Ya fara da takardu. Ya kwatanta lambar shasi da ta jikin mota, harafi bayan harafi. Ya ɗora bayan hannunsa kan bonet, ya tabbatar da sanyinta, sannan ya murza makulli. Ki ɗaya ta tashi. Ya zagaya baya ya tsuguna gaban salansa yana kallon hayaƙi.

"Ta ci, Baba."

Jan biro ya yi alama.

Ya zaro sandar baƙin mai, ya murza ɗigon tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya buɗe lagireto. Ya danna kowace kusurwar motar da ƙarfi ya sake, yana ƙirga sau nawa za ta yi rawa. Ya shige ƙarƙashi da tocila, ya daɗe.

"Ta ci."

Ya ja ta da Baba a gefensa, suka fita titi suka dawo cikin minti ashirin. Giya, birki, sitiyari. Da suka tsaya Baba bai fito da wuri ba. Phebe ta ga hannunsa yana shafa murfin aljihun gaba, inda Mama take ajiye littafin waƙoƙi.

Layi takwas, alama takwas. Phebe ta fara numfashi.

"Shi ke nan ko?" in ji Anti Agnes. "Ku ji ƙamshin cikinta ma. Turaren wuta na gaske, ba na 'yan talla ba."

"Saura ɗaya, Anti," in ji Simon.

Ya matsar da motar tsakiyar rana, ya ɗaga gilasai duka, ya rufe ƙofofi. Ya duba agogo.

"Rabin awa."

"Dafa ta za ka yi?" in ji Godwin.

"A ina ta kwana ranar goma ga Satumba, Oga?"

"Damaturu. Mai ita ya tafi biki da ita."

"Madalla."

Rabin awar ta yi wa Phebe tsawo. Ta kawo ruwa, kowa ya sha ban da Simon. Da ta miƙa masa kofin ta dube shi. Ya kalli kofin, bai kalle ta ba.

Da lokaci ya cika ya buɗe ƙofar gaba, ya ja baya.

"Baba, ka matso."

Baba ya sunkuya, ya ɗago. Phebe ma ta matso. Turaren yana nan, amma zafi ya taso da wani abu daga ƙarƙashinsa: warin ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Babu mutumin Maiduguri da yake bukatar a fassara masa wannan warin a bana.

"Tsohuwar mota ce," in ji Godwin. "Dole ta yi warin tsufa."

Simon ya haska tocila ƙarƙashin kujera. Kafet ɗin sabo ne fil. Kusoshin da suka riƙe kujerar kuwa jajaye ne da tsatsa.

"Tsatsa!" Anti Agnes ta tafa hannu. "Motar da ta girmi wasu a nan, a ce ba tsatsa? Niko, ka ga abin da na gaya maka. Tun safe yake laluben abin da zai kama, bai samu ba. Yaro, in yarinya kake so ka nema da halinka, ba da ɓata kayan wani ba."

Simon ya miƙe. Karo na farko ya dubi Phebe.

Ta girgiza kai kaɗan. Ta san ya gani.

Ya juya, ya kama bel ɗin kujerar gaba, ta gefen fasinja. Ya fara ja.

Tsawon hannu ɗaya ya fito baƙi, tsaf, an goge shi da sabulu. Hannu na biyu ma haka. Ya ci gaba da ja, har ya wuce inda jikin mutum yake kai shi, har abin naɗin da ke ɓoye a gindin ƙofa ya fara ƙara kamar ana taka yashi. Sai launin ya canza. Layi ne miƙaƙƙe, kamar an ja shi da rular Baba. Daga nan zuwa ƙarshe bel ɗin ruwan ƙasa ne, busasshiyar laka tana zuba daga jikinsa, da ɗigon fumfuna fari-fari.

"Masu wanki suna wanke abin da ido yake gani," in ji Simon. Muryarsa ƙasa-ƙasa take. "Wannan yana naɗe a ciki, ba wanda yake tunawa da shi. Ruwan ya wuce nan, Baba. Ya rufe wayoyin da ke ƙarƙashin kafet, da ƙwaƙwalwar motar. Kuma ba wucewa ya yi ba, kwana ya yi."

Wani mai keke ya wuce yana kiran Kasuwar Litinin.

Baba ya karɓi bel ɗin daga hannun Simon. Ya riƙe sashen mai tsabta, wanda shekara goma sha ɗaya yake ratsa ƙirjin matarsa. Ya kankari lakar da farce, ya duba.

"Godwin. Ka ce Damaturu."

"Baba, haka aka gaya min."

"Wa ya sa kafet ɗin?"

Godwin ya sauya ƙafa. Ya yi 'yar dariya.

"Baba, tsakani da Allah, wace mota ce a garin nan ba ta ɗan sha ruwa ba? Kowa gyarawa yake yi ya ci gaba. Ni farin cikinka na duba."

Baba ya koma kujerarsa, ya ɗauki takardar. Layi na tara babu komai a kansa.

"Simon Mikail. Za a iya gyara ta?"

"Za a iya canza wayarin gaba ɗaya. Ko an canza, ba zan iya rantse maka ba."

"Za ta kai ni coci ran Lahadi?"

"Za ta kai ka."

"Dusuman, nan bayan gari, fa?"

"Wataƙila."

"Biu?"

Phebe ta rufe ido. Kalma ɗaya take roƙo, wataƙila ɗin nan da ya riga ya faɗa sau ɗaya. Ba ƙarya ba ce. Baba zai karɓa, domin yana so ya karɓa.

"Ba zan sa ka cikinta a hanyar Biu ba, Baba. Ba zan sa Phebe ba."

"Ban tambaye ka Phebe ba. Ta ci ko ta faɗi?"

"Ta faɗi."

Jan biron ya daɗe a sama kafin ya sauka. Baba ya ja gicciye ƙarami a layi na tara, ya rubuta kwanan wata a ƙasa, ya sa hannu. Ya ninke takardar gida huɗu.

"Niko," Anti Agnes ta fara, "kada ka bari ɗan da ko takardar aji uku bai—"

"Yaya, ya isa."

Ya tashi ya koma wurin motar. Ya buɗe ƙofar direba ya zauna, ya ɗora hannu biyu kan sitiyari. Bai tayar da ita ba. Phebe tana ganin ƙeyarsa ta gilashin baya, ta cikin shatin sitikar da aka kankare, daidai yadda take ganinta tana yarinya. Ya juya ya dubi kujerar da ke gefensa. Leɓunansa sun motsa. Ba ta ji abin da ya ce ba.

Minti biyar ya yi. Ya fito, ya zare makulli, ya miƙa wa Godwin.

"Na gode da wahalar da ka sha. Ka ɗauke ta yau. In za ka sayar wa wani, ka ja masa wannan bel ɗin ya gani."

Ya nufi gida ba tare da ya dubi Simon ba. Simon ya tsuguna yana mayar da tocila cikin jaka, a hankali, kamar mai tattara kayan wurin da ba zai sake dawowa ba. Phebe ta tsaya tana kallonsa. Abin da ta gaya masa jiya ne: ba wanda ya kawo motar za a tuna ba.

A bakin ƙofa Baba ya tsaya. Bai juyo ba.

"Simon Mikail."

"Baba."

"Ka hana ni zuwa gida da motar matata."

"Ka gafarce ni, Baba."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba. Ranar Litinin ashirin da uku ga wata, ƙarfe shida na safe, za mu kama hanya. Ka nemo wadda ka yarda da ita, ka duba ta kamar yadda ka duba wannan. Kai za ka ja. In ta tsaya da mu a hanya, kada na sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Ya gyara tabaransa.

"In ta kai mu, ƙannena suna can. Sai ka yi musu bayanin kanka kan maganar Phebe."

Ya shige. Anti Agnes ta ciro waya daga jaka tana neman lambar 'yan'uwansu na Biu, ta bi bayansa tana kiran sunansa. Godwin ya buga ƙofa, motar ta tashi da ki ɗaya.

Bel ɗin bai koma mazauninsa ba. Laka ta riƙe abin naɗin, ƙofar fasinja ta datse shi, sashen mai ruwan ƙasa yana lilo a waje. Phebe ta bi shi da ido yana jan ƙasa har motar ta karya kwana.

Kwana goma sha shida suka rage.

"Malama," in ji Simon, yana rataya jakarsa. "Mutum nawa ne, kaji nawa?"